Yadda na karɓo remiz ɗin firigona da kuɗɗin regilate a wani magazan na Maradi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da na faɗi a wajen asusunmu cewa kuɗɗin da magazan ya yi alƙawarin maido mani sun fito, mata ke ta kirana suna tambaya ta ina na bi, har da waɗanda ban sani ba, shi ya sa na ce bari in rubuta abin gaba ɗai daga farko, don na lura mutane da dama a garin nan suna da irin takardar alƙawarin nan ta magazan ajiye cikin kwalla sun haƙura da ita. Ba zan kama sunan wurin ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Babban magazan ne na kayan kuran, firigo da tele da bantilate da kilim, reshe ne ke nan Maradi, uwar kamfanin tana Yamai.

Ni ƙanƙara nike saidawa da zoɓo da lemun tsamiya, a unguwar Zariya ta nan Maradi nike zaune. Tsohon firigona tun yanke-yanken kuran na 2023, lokacin da Najeriya ta datse wutar da take ba mu bayan juyin mulkin watan Yuli, motarshi ta raunana, sai ya kwana yana ƙugi ruwa bai daskare ba. Azumin 2025 kuma ya kama cikin watan Maris, daidai shigowar zafi, duk mai wannan sana'a ya san abin da ake samu a watan nan ba a samunshi a sauran watanni. Ana saura kaɗan a kama azumi na ji talla a rediyo, na kuma gani da idona an lilliƙa a ƙofar magazan: wanda ya biya kuɗɗi hannu gaba ɗai za a maido mishi kashi 10 cikin 100, in ya kawo takardarshi cikin kwana 30, wannan ragin shi ne suke kira remiz. Babban firigo na kwance da nike so jika 357 ne, regilate na tsare shi daga hawa da saukar kuran jika 40. Na haɗa abin da na tara da rancen da na ɗauka a asusunmu na Mata Masu Dubara, tsarin nan da aka faro a jihar Maradi tun 1991, wanda duk macen da ke ciki ta san ranar biya ba ta ɗaguwa don ke kina jiran wani. Lissafina tun daga gida shi ne jika 35 da ɗoriya za su komo mani in rage bashin da su.

Ranar saye komi lahiya lau. Yaron da ya saida mani mai fara'a ne, Mama kaza Mama kaza, ya kai ni kes na biya, aka ba ni ƙaramin resi irin mai santsin nan na mashin, da wata ƴar takarda mai kala wadda ya cika da hannunshi. Na tambaye shi ɗana mi zan kawo ranar karɓar remiz, ya ce Mama wannan takardar da resi kawai, ki zo ko yaushe cikin wata. Na kuma tambaye shi in regilate bai yi ba hwa, ya nuna mani bayan resin ya ce an rubuta kayan da bai yi ba in an maido shi cikin kwana 7 ana maida kuɗɗi. Na karɓi lambar salularshi, na ɗauki hoton tallar da ke ƙofa don in nuna wa maigida, aka ɗora firigo a adaidaita muka tahi.

Regilate ne ya fara ba da matsala. Mai gyaran kuran na unguwa ya haɗa, sai ƙara yake yana kashe kanshi, ya ce kar in kuskura in bar firigon a kanshi. Azumi ya kama, kasuwa ta buɗe, ba zan zauna jira ba, na shiga babbar kasuwa na sayi wani jika 38, wancan kuma na maida shi magazan tun kwanakin ba su cika ba. Wanda na iske a tebur ɗin sarbis kiliyan ya ce ba ya karɓar kaya sai teknisiyan ya duba, teknisiyan kuma ya fita aiki gidan wani, sai na zauna kan benci da bakin azumi har bayan azahar. Da ya komo bai ɓata lokaci ba, ya jona ya ga abin da na faɗi, ya cika wata fish ya sa hannu ya rubuta kwanan wata, na roƙe shi ya bari na ɗauki hotonta. Na koma tebur ina tsammanin za a kai ni kes, sai mutumin ya ce a'a, su ba su maida kuɗɗi, abuwar za su ba ni, wato takardar da ke cewa ina bin magazan jika 40 in zo in ɗauki wani kaya na kuɗɗin. Na ce Malam na riga na sayi wani, kuma ga abin da aka rubuta bayan resinku. Ya juya resin ya karanta ya ce eh haka aka rubuta amma su haka suke yi. Ban karɓi abuwar ɗin ba, na ce ya riƙe kayan ya ba ni shaidar ya karɓa, ya rubuta a ƴar takarda ba tampo, na tahi gida raina ba daɗi.

Wajen tsakiyar azumi na koma don remiz, da resi da takarda mai kala kamar yadda aka ce. Wannan karon wata budurwa ce a tebur ɗin. Ta nemi kartidantite, na ba ta, ta duba ta ce sunan bai dace ba. Ashe yaron da ya cika takardar Hajiya ya rubuta da laƙabin da ya ji ana kirana da shi, ba sunan yanka da ke kan kati ba. Ta ƙara da cewa ƙaramin resi bai isa ba, sai fakitir babba wadda ke ɗauke da NIF, wato lambar haraji ta kamfani, da ɗan tambarin nan mai kusurwa huɗu da ake ɗauka da salula, sai kuma hoton nimero seri da ke bayan firigon, da fotokofi na kati. Na ce ɗiyata ai ba a faɗa mani haka ba, kuma fakitir ku ke ba da ita, ku ba ni mana. Ta ce kontabul ke fiddawa kuma ba ya nan, in komo. Ba ta rubuta komi ba, ba ta sa sunana a rajista ba, takarduna ta turo mani ta kira na bayana. Ina fita na yi wa yaron da ya saida mani saƙon murya ta WhatsApp na faɗa mishi yau na zo ga abin da aka ce, ya amsa ya ce Mama ki yi haƙuri zan gyara. Daga nan kuma goman ƙarshe ta shigo, ni ina fama da ƙulla ƙanƙara dare da rana, su kuma magazan cike da masu sayayyar salla, na leƙa aka ce kontabul shina cikin lissafi ba ya ganin kowa, in bari bayan salla.

Bayan salla na samu fakitir, da sunana na gaskiya wannan karon, na yi fotokofi dala 10 kowane shafi, na ja firigo daga bango muka ɗauki hoton lambar. Na kai komi a jere. Mutumin farko na iske, ya danna kwamfuta ya ce Hajiya kwana 30 sun wuce, puromo ta rufe, mashin ba ya ma karɓa. Na ce na zo cikin lokaci ku kuka maida ni. Ya ce shi bai ga alamar na zo ba. Wallahi a nan ne hawaye suka kusa zubo mani, ba don yawan kuɗɗin ba, don yadda aka maida ni kamar mai ƙarya gaban mutane, ga kuma ranar biyan asusu na matsowa. Ya ba ni wata lamba ta Yamai ya ce in kira can. Na kira, kiredi na ta tahiya ana sa mani kiɗa, daga baya wata ta ɗauka da Faransanci, na ce Hausa, ta haɗa ni da wani. Shi ya saurare ni da kyau, ya ba ni lambar ƙorafi ya ce in rubuta, amma ya ce su daga can ba su biyan kowa, reshen da aka yi ciniki ne zai aiko da dosiye da sa hannun jeran, shugaban reshen ke nan. Wato an sake maido ni inda na fito, sai dai yanzu ina da lamba a hannu, kuma ta yi amfani daga baya.

Abin da ya buɗe mani ido zaman benci ne. Ina zaune wani Alhaji ɗan kasuwa ya shigo, da gani sun saba, aka tashi aka gaishe shi, ashe shi ma takardar remiz ce ta tele guda 2 kuma tashi ma ta wuce lokaci, da kunnena na ji yana cewa tahiya ce ta riƙe shi Kano. Mutumin da ya ce mani mashin ba ya karɓa shi ya ɗauki takardar ya shiga ciki da ita, ba a jima ba ya fito ya raka shi kes. Kusa da ni kuma wata mata ce daga Tibiri da abuwar ta bantilate a hannu, ba ta karatun boko, ba ta ma san takardar na da ranar mutuwa ba. Da na fito na tsaya wajen gardi, dattijo ne, na ce Baba don Allah wa ke da iko a gidan nan. Ya ce ɗiyata waɗanda ke tebur ba su da ikon ba ki ko dala, ikonsu ɗaya ne, su shigar da takardarki ciki ko su hana ta shiga. Ki nemi madam shugabarsu, biro na biyu hannun dama, kuma kar ki zo Litinin ko Juma'a ranar kasuwa ce gidan cike yake, ki zo Talata ko Laraba da sassafe kafin jeran ya fita.

Kafin in koma na sa ƙanena malamin lakwal ya rubuta mani wasiƙa da Faransanci zuwa ga jeran, gajera, ranar saye, abin da talla ta ce, ranar da na maido regilate, ranar da na zo aka maida ni, lambar ƙorafin Yamai, da abin da nike nema: remiz da jika 40 kuɗɗi hannu. Wanda ba shi da mai rubuta mishi, akwai masu rubutu da mashin a bakin ma'aikatu, ana yi da su a kan abin da bai kai jika 1 ba ko kusa da haka. Muka yi kofi 2. Ranar Talata ƙarfe 8 ina ƙofa, na ce wa na tebur madam nike son gani, ya ce mi ya faru, na ce wasiƙa na kawo kuma ina son a buga mani deshaj. Wannan kalmar ku riƙe ta, ita ce a buga tampo da kwanan wata da sa hannu a kan kofin da za ki tahi da shi gida, shaidar sun karɓa. Daga jin haka ya tashi ya yi mani iso.

Madam babbar mace ce, ta kusa sa'ata, ta ce Hajiya zauna, ta sa aka rufe ƙofa, ta karanta wasiƙar har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta tambaye ni shaidar na zo cikin lokaci. Na kunna mata saƙon murya, ga kwanan wata a kai, ga amsar yaronsu. Ta aika aka kira shi, kuma Allah ya yi mishi albarka bai musa ba, ya ce shi ya rubuta laƙabi kuma shi ya ce resi kawai ya isa. Daga nan ta yi mani bayanin da da an yi mani shi tun farko da ban sha wannan wahala ba. Ta ce gaskiya ne mashin na rufe puromo in lokaci ya cika, amma akwai wata ƙofa da suke kira jes komarsiyal, wato kamfani ya ba ma'aikaci damar ya daidaita da mai saye bisa ganinshi. Ita tana da iyakar abin da za ta iya sa wa hannu, abin da ya ɗara haka sai jeran, abin da ya ɗara na jeran sai Yamai. Kuma kowane wata ana duba nawa reshe ya fidda ta wannan ƙofa, in ya yi yawa ana tambayarsu dalili, shi ya sa yaran tebur suka fi son su ce babu, don wanda ya ce babu ba a kiranshi ya yi bayani, wanda ya ce to shi ake tuhuma. Abuwar kuma sun fi sonta saboda kuɗɗin ba su fita daga gidan, kuma da yawa ba su komowa su yi amfani da ita har ta mutu. Ta faɗi wannan a fili ba ta ɓoye ba, na ga girmanta a nan.

Ta haɗa dosiye, fakitir da fish ɗin teknisiyan da hoton talla da fotokofi na kati da wasiƙa, ta rubuta ra'ayinta a sama, ta buga mani deshaj, ta ce in jira jeran. Na jira har wajen ƙarfe 11. Shi ba mai yawan magana ba ne, ya ce Hajiya sannu da haƙuri, na ce ranka ya daɗe alƙawari kaya ne, ku kuka ɗauka ba ni na roƙa ba. Maganar regilate bai ja ba, ya ga fish, ya ga abin da ke bayan resi, ya sa hannu a ba ni jika 40 a kes ranar. Wajen remiz ne ya ɗauko kalkuleta. Ya ce kashi 10 ɗin ba a kan jika 357 ake lissafa shi ba, don cikin kuɗɗin nan akwai TVA kashi 19 cikin 100 wanda na gwamnati ne ba nasu ba, ainihin kuɗɗin firigo jika 300 ne, haraji jika 57, saboda haka remiz jika 30 ne ba 35,700 ba. Na fiddo hoton talla, muka buɗe shi da girma, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe akwai haruffa 2, HT, ma'ana ba tare da haraji ba. A rediyo da Hausa aka yi tallar kuma ba wanda ya faɗi haka, na gaya mishi, ya ce zai isar. Ban samu 5,700 ɗin nan ba, kuma har yanzu ina ganin wanda ya yi talla da Hausa ya kamata ya faɗi sharaɗinta da Hausa. Jika 30 ɗin ma ba a ba ni ranar ba, ya ce sai Yamai ta buɗe, sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo shiru, na kira madam, ta ce dosiye ya tahi, in ƙara haƙuri. Cikin satin farko na sabon wata saƙo ya shigo salulata da kod, na je agens ɗin aika kuɗɗi da katina na karɓa cif, su suka biya kuɗɗin aike. Asusu kuwa na riga na biya da cinikin ƙanƙara da jika 40 ɗin can. In na haɗa kabu-kabu dala 50 zuwa 60 kowace tahiya, da fotokofi, da kiredi, da safiyoyin da na bar sana'a a hannun yara, abin da ya tahi ba kaɗan ba ne.

To ga abin da nike gaya wa duk wadda ta kira ni. Tun ranar saye ki nemi fakitir babba, kar ki tsaya ga ƙaramin resi, rubutunshi gogewa yake cikin zafin Maradi, nawa kafin wata 2 ya zama fari fat, hotonshi da na ɗauka ne ya rage. Ki miƙa katinki a kwafi sunanki daga kai, kar a rubuta Hajiya ko Maman wane. Ki ɗauki hoton tallar har da ƙananan rubutun ƙasa, ki sa wani ya karanta miki, ki tambaya a kan wane kuɗɗi ake lissafin, da haraji ko babu, kuma kuɗɗi hannu ne ko abuwar. Duk ranar da kika je aka maida ki, kar ki fita ba wata alama, ko su sa ki a rajista, ko su rubuta a bayan takardarki abin da ya rage da kwanan wata, in sun ƙi ki aika saƙo ga wanda ya saida miki nan take, ni wannan saƙon ne ya tsaya mani. In na tebur ya ce ba ya yiwuwa, kar ki tsaya jayayya da shi, ba a hannunshi abin yake ba kuma faɗa na sa ya riƙe takardar, ki ce da ladabi kina son ganin na sama da shi, ki zo da wasiƙa kofi 2. Kar ki karɓi abuwar in kuɗɗi kike so, in kin sa hannu kin karɓa magana ta ƙare, in kuma kin riga kin karɓa ki duba ranar mutuwarta yau ba gobe ba.

Akwai kuma inda ake kai ƙara in cikin gida ya gagara. Nijar na da dokar kare haƙƙin masu saye tun 2015, akwai ma'aikatar kasuwanci ta jiha nan Maradi, akwai ƙungiyar kare masu saye ADDC Wadata. Ni ban kai can ba, amma ƙanena ya ambaci dokar a layin ƙarshe na wasiƙar, kuma na ga jeran ya tsaya a kan layin.

Ina yi wa madam addu'a har gobe, sai dai abin bai kwanta mani ba. Takardata da ta Alhaji iri ɗaya ce, duka sun wuce lokaci, tawa ma da dalili daga wajensu, shi ya karɓa a tsaye ni sai da na haɗa dosiye. Ba na cewa a hana ma'aikaci damar duba halin mutum, don ba don damar nan ba da mashin ya rufe ni ke nan. Abin da nike cewa a sanar da kowa akwai ta, a liƙa a bango da Hausa wa ake gani in an samu matsala da takardun da ake kawowa, a kuma riƙa rubuta duk wanda ya zo ko da takardunshi ba su cika ba. Yanzu wanda ya san mutane ko ya iya Faransanci ne ke cin moriyarta, matan ƙauye da ke biyo mota daga Madarunfa ko Gidan Rumji da kuɗɗin da suka tara da ƙyar su ake cewa babu su juya.

Matar Tibiri na karɓi lambarta ranar nan. Da muka duba abuwar ɗinta saura sati 2 ta mutu, ƙanena ya rubuta mata tata wasiƙar, na raka ta wajen madam aka buga mata deshaj. Ba su yarda su ba ta kuɗɗi hannu ba saboda ta riga ta sa hannu a kan abuwar, amma an ƙara mata wata 3, kuma an rubuta cewa in irin bantilate ɗin da take so ya iso daga Yamai za a kira ta. Wadda ke da irin wannan takarda a Zariya ko Ali Ɗan Sofo ta kawo mani ranar zaman asusu mu duba kwanan watan tare kafin ta kashe kuɗɗin kabu-kabu.